Shekarar da Na Ƙirga Ku Bakwai

Na ji yadda kuke ba da labarin nan idan kun taru da salla, kowa da irin nasa. Abdu yana cewa ranar da sakamako ya fito na fara kiran yayarku da sunanta. Zara tana cewa a tashar mota ne, har tana ƙarawa da cewa na yi hawaye. Duka biyun ba haka aka yi ba. Zan rubuta shi bi da bi yadda ya faru, don ranar da ba na nan a samu inda za a duba.

Sai in fara da abin da kuka tashi kuka tarar, ba ku taɓa tambayar dalilinsa ba. Falmata ce 'yar farinmu, ni da uwarku Hajara. Ranar da aka yaye ta, yayata Bintu ta zo ta goya ta, ta tafi da ita gidanta, gida huɗu tsakaninmu a unguwa ɗaya a nan Gure. Yaya Bintu ta yi aure sau biyu, Allah bai ba ta haihuwa ba, saboda haka babu wanda ya tsaya shawara a kan inda yarinyar za ta. Falmata ta tashi tana ce mata Inna, ni kuma tana ce mini Kawu, tun da ni ƙanen Innarta ne. Haka aka yi da Yaya a wurin ubanmu, haka aka yi da shi a wurin nasa. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Idan aka tambaye ni 'ya'yana nawa, sai in ce shida, kuma ba wanda zai ce na yi ƙarya, don mai tambayar ya san akwai wadda ba a sa wa a ƙirge. Idan dole ta sa in ambace ta sai in ce “ta gidan Yaya”. Idan muka haɗu a hanya ta durƙusa ta gaishe ni, ina amsawa ina duban wani gefe. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma na riƙe ta sosai kamar yadda nake riƙe duk abin da aka damƙa mini.

Abu na biyu da ya kamata ku tuna shi ne aikina. Karatuna bai wuce satifika ta gama firamare ba, amma hannuna yana da kyau, shi ya sa aka zaunar da ni a biro, wato ofishin rajistar haihuwa na garin nan, kuma a kan kujerar nan na tsufa. Sunan yaro, sunan uba, sunan uwa, rana, wuri. Ban taɓa sa wani a gurbin da ba nasa ba. Mutum ya sha zuwa da ɗan ƙanensa yana so in rubuta shi a matsayin uba, tun da shi ke riƙonsa, ina ba shi haƙuri in ce a gida ɗansa ne, a takarda kuwa ɗan ƙanensa ne. Wasu sun yi fushi da ni a kan haka, har aka laƙaba mini Sakatare mai taurin kai. Takardar haihuwar Falmata ma ni na rubuta ta. Hannuna ya rubuta sunan, bakina bai taɓa faɗarsa ba har ta kai shekara ashirin da wani abu.

Shekarar da na ajiye aiki ita ce shekarar da nake so in ba ku labari. Falmata ta samu bak ɗinta, takardar gama sakandare, tun da daɗewa, ta sa ranta a kan aikin duwan, wato kwastan. Sau biyu tana zuwa Damagaram ta zauna konkur, wato jarrabawar shiga aikin, sau biyu tana dawowa babu sunanta. Akwai iyakar shekarun da aka sa wa mai nema, kuma wannan ce shekararta ta ƙarshe. Idan ta faɗi, ƙofar ta rufe ke nan. Faransancinta ba laifi, lissafinta ma haka. Inda take zubewa wata takarda ce ta gwajin basira, wadda ake cika ta da ƙananan tambayoyi, a ba ka lokaci kaɗan. A cikinsu akwai na dangantaka, wane mene ne a wurin wane, kuma a nan take tsayawa tana ta juya abu a kanta har lokaci ya ƙare sauran tambayoyin ba ta taɓa su ba. Ni duk ban san wannan ba a lokacin, don ba na tambaya. Na dai san ta faɗi, na kuma san na kwana biyu abinci ba ya mini daɗi.

Wata safiya ina zaune a ƙofar gida ina gyara rediyona, sai ga Yaya Bintu da wani littafi a naɗe cikin mayafinta. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ajiye shi a kan cinyata.

“Sakatare, kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana rubuta wane ɗan wane, ga aikinka ya biyo ka gida. Ɗiyata za ta haukace a kan mutanen da ko wanzuwa ba su yi ba.”

Na buɗe inda aka naɗe shafi. Faransancina na biro ne, amma ya isa. Wata mata ce ta nuna yaro a hoto, ta ce uban yaron nan shi ne ɗa namiji tilo a wurin uban mijinta. Aka ce mene ne yaron a wurinta. Na ce wa Yaya ai wannan ɗanta ne, don ɗa namiji tilo a wurin uban mijinta shi ne mijin da kansa. Yaya ta ce haka littafin ma ya ce a shafin baya, amma yarinyar ta ƙi yarda, ta ce wa ya sani ko ɗan abokiyar zamanta ne, ko na matar da ya saki kafin ya auro ta. A raina na ce yarinyar ba ta yi kuskure ba, a Gure take. Ita matsalarta ba rashin basira ba ce. Tana ɗaukar mutanen littafi kamar mutanen unguwarmu, inda gwaggonka takan zama surukarka, ɗan kawunka ya zama mijin ƙanwarka, kuma wadda ta raine ka ba lalle ita ta haife ka ba. Kowace tambaya sai ta samo mata amsa uku, ta rasa wadda za ta zaɓa.

Na karɓi aikin, amma bisa ƙa'ida. Na ce a riƙa kawo mini tambayoyin, ina rubuta amsa, ana mayar mata. Mako biyu muna haka. Da safe Yaya ta kawo littafi, da azahar ta zo ta karɓi takarda, da yamma ta dawo da ƙorafi, wai yarinyar ta ce ta ga amsar amma ba ta ga hanyar ba. Na ƙara rubutu, na ja layi a ƙarƙashin muhimman kalmomi, duk a banza. Ranar da ta cika mako biyu Yaya ta zauna a tabarmata tana murza gwiwa, ta ce ita ba motar Damagaram ba ce da za ta riƙa zirga-zirga tsakanin tasha biyu. Ta ce ko in tashi in zo gidanta in koyar da abin da bakina, ko kowa ya riƙe kunyarsa yarinya ta faɗi. Uwarku tana bakin murhu tana jin mu, na lura ta daina motsa tukunya.

Na je. Sai dai na tafi da sharaɗi, cewa da Yaya zan riƙa magana, ita ta isar. Haka muka tsara zaman. Bayan la'asar, a tsakar gidan Yaya, tabarma biyu, rairayi a share a tsakani. Ni ina fuskantar Yaya, Falmata tana gefe taku uku da littafi a hannu. Ita ke karanta tambaya ta mayar da ita Hausa, ni in ce, “Yaya, ki ce mata,” alhali tana jin kowace kalma tun kafin ta fita daga bakina. Na zo da ƙwallayen dabino cike da aljihu, su ne maza. Yaya ta farfasa kanwa ƙanana, su ne mata. Aure layi biyu ne a kwance tsakanin dabino da kanwa. Haihuwa layi ɗaya ne mai sauka ƙasa. 'Yan'uwa kuwa a jere suke a sahu ɗaya, babba a dama. Na kafa mata dokoki huɗu, na sa Yaya ta maimaita su har sai da ita ma ta haddace. Na farko, a nemo mai magana, a san namiji ne ko mace, a ajiye shi kafin kowa. Na biyu, a fara daga ƙarshen zance a taho baya, mutum ɗaya bayan ɗaya. Na uku, kada a ƙara kowa da takarda ba ta ambata ba, ko kishiya, ko ɗan riƙo, ko auren zumunci. Na huɗu, kada baki ya ba da amsa sai yatsa ya bi layi ya isa.

Ban taɓa yin dariya irin ta kwanakin nan ba, kuma ku kun san ni ba mai yawan dariya ba ne. Yaya ba ta iya isar da saƙo yadda aka ba ta. Idan na ce ta ce mata a ajiye ƙanen matar wan mijin mai magana, sai ta tsaya ta yi tunani, ta ce ai wannan Hassan ne na Gidigir, kuma tun yana yaro ba ya jin magana. In ce ba Hassan ba ne, mutumin littafi ne. Ta ce to ai shi ma littafin a wani gida ya samo shi. Wata rana aka kawo wani mutum da ya ce shi ba shi da wa ba shi da ƙane, ba ya da 'yar'uwa, Yaya ta riƙe haɓa tana tausaya masa, ta ce wannan idan ya mutu wa zai karɓi gaisuwa. Wata rana kuma mun jera gida mai hawa huɗu, tun daga kakannin iyaye, mun kusa kai ga amsa, akuyarta ta lallaɓo ta bayanmu ta lashe kanwa ɗaya ta haɗiye.

Falmata ta dubi rairayi, ta dubi akuyar, ta ce, “Inna, ki gaya wa Kawu kakar mutumin ta rasu.”

Yaya ta ce, “Allah ya jiƙanta. A ɗauko wata, ai kanwa ba ta ƙare ba.”

Na juya baya don kada a ga fuskata, amma kafaɗuna suka tona ni.

A cikin waɗannan zaman na fara sanin ɗiyata. Zai ba ku mamaki mutum ya faɗi haka a kan wadda ta girma gida huɗu daga nasa, amma gaskiya ce. Ban san tana da sauri haka ba. Da ta kama dokoki huɗun, mako ɗaya ya isa ta riƙa riga ni. Ban san ba ta son ganin abu a karkace ba. Idan ƙwallon dabino ya ɗan fita daga sahu, takan miƙa ɗan yatsa ta daidaita shi ko da ba ya cikin amsar, daidai yadda nake daidaita takardu a kan tebur. Yaya ta lura, ta riƙa zungurina da gwiwar hannu tana cewa in duba, wai wannan ciwon ba a gidanta aka ɗauko shi ba. Ni ban duba ba a gabansu, amma ina gani ta wutsiyar ido. Da aka yi wata guda na cire agogona na ajiye a kan tabarma, na ce kowace tambaya minti ɗaya. Bayan haka na ce a bar rairayi, tun da ba za a ba ta rairayi a ɗakin jarrabawa ba. Ta koma kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, gicciye a madadin dabino, zobe a madadin kanwa. Ina komawa gida da magariba uwarku takan ajiye mini ruwan alwala ta tsaya kamar tana neman wani abu. Ba ta tambaya, ni kuma sai in ce wa bango yau an yi tambaya ashirin, biyu kawai aka kuskure. Sai ta wuce.

Yanzu na zo ranar da kuke saɓani a kanta. Alhamis ce, saura kwana tara ta tafi Damagaram. Tambayoyin littafi sun ƙare, mun maimaita su har ta haddace amsoshin, ba sauran amfani. Yaya ta ce to tun da mutanen littafi sun ƙare a yi na gida, Sakatare ya jera gidan Malam Ari, wato ubanmu, a gani ko shi ma ya iya. Na ga shawara ce mai kyau. Na share rairayi da tafin hannu. Na ajiye dabino, Malam Ari. Na ajiye kanwa a gefensa, uwarmu, na ja layi biyu. Na sauko da layi, na ajiye Yaya a dama, ni a hagu. Na ajiye uwarku kusa da ni. Na sauko da layi na jera ku, dabino huɗu, kanwa biyu, kowa a kan shekarunsa. Sannan na ɗauki kanwa ɗaya na ajiye a ƙarƙashin Yaya, na ja mata layi ɗaya mai sauka. Ban yi tunani ba. Hannuna ne ya yi abin da bakina ya saba yi.

Falmata ta matso ta duba. Ta daidaita ɗaya daga cikinku da ya karkace, ina jin Abdu ne. Sannan ta ɗora yatsa a kan kanwar da ke ƙarƙashin Yaya, ta yi magana da muryar da take karanta tambaya, ba sama ba ƙasa.

“Inna, ki tambayi Kawu. Wannan kanwar, mene ne wannan dabinon a wurinta?”

Ta nuna nawa. Kafin in ce komai ta bi layi da yatsa, daga kanwar zuwa Yaya, daga Yaya zuwa ni, kamar yadda doka ta huɗu ta ce.

“Ƙanen uwa. Kawu ke nan. Idan ta fito a konkur haka zan rubuta. Sai dai takardar haihuwar da na sa a cikin takardun neman aikin ba haka ta ce ba, kuma na san hannun da ya rubuta ta.”

Kun sha gardama ko da gangan ta yi ko kuwa bin doka kawai take. Ni ban taɓa tambayarta ba, kuma ba zan tambaya ba. Abin da zan gaya muku shi ne abin da na gani. Na dubi rairayin na ga rajista mai kuskure, kuma ni na rubuta ta. Layi mai sauka haihuwa ne, ni na kafa wannan dokar da bakina, ga shi na ja shi inda ba a yi haihuwa ba. Abin da na hana mutane yi a biro shekara da shekaru, na zo na yi shi a tsakar gidan yayata, a gaban mai shirin jarrabawa. Idan na bar shi haka, na koya mata cewa dokokin suna aiki a ko'ina ban da inda suka taɓa ni. Idan na gyara, na karya abin da ubana ya riƙe, kuma na bar ƙarƙashin Yaya babu kowa. Duka biyun na gan su sarai kafin in miƙa hannu, kada wani ya ce muku ruɗewa na yi.

Na ɗauke kanwar. Na share layin da gefen hannu. Na matsar da ku shida gefe kaɗan, na ajiye ta a farkon sahu, a dama, na ja mata layi daga tsakanina da uwarku. Sannan na juyo, ba wajen Yaya ba, na dube ta a fuska.

“Falmata, nan ne wurinki. Sake bin layin.”

Wannan ce ranar. Ba a tasha ba, ba ranar sakamako ba. Sunan ya fito mini da nauyi kamar kalmar wani yare, amma ya fito daidai. Ta bi layin da yatsa, ya isa, ba ta faɗi amsar ba, ni kuma ban matsa mata ba.

Yaya tana duban wurin da na share. Sai ta dafa ƙasa za ta tashi, ta ce bari ta je ta ɗaure akuya, alhali akuyar tana ɗaure tun azahar. Falmata ta riƙe bakin zanenta. Da ɗaya hannun ta sa yatsa a rairayi, ta ja wani layi daga kanwarta, ya kewaye ta saman dabinona, ya lanƙwasa, ya je ya tsaya a kan Yaya. Layi ne mai zurfi, ta bi shi sau biyu. Na ce mata wannan layin ba ya cikin dokokinmu. Ta ce ta sani, doka ta uku ta hana, amma wannan ba takarda ba ce, rairayin gidan Innarta ne. A duk rayuwata wannan ne karo na farko da na ga abu a wajen ƙa'ida na bar shi yadda yake.

Kada ku ɗauka abin ya wuce haka nan kyauta. Yaya ta kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Idan na yi sallama sai ta shige ɗaki, mu yi karatu mu biyu, ni da Falmata, ba mai isar da saƙo, kuma zaman ya rasa daɗinsa. Labari ya fita, ban san ta wace kafa ba. A ƙofar masallaci aka fara tsokanata, wai Sakatare ya ajiye aiki ya ajiye kunya tare. Wani dattijo daga dangin ubanmu ya aiko daga Kelle, ya ce a gaya mini Malam Ari bai taɓa kiran sunan Bintu ba har ya koma ga Allah, kuma bai rage shi da komai ba. Na karɓi saƙon a tsaye, na ce a gaya masa na ji. Uwarku kuwa a daren nan ta zuba mini miya fiye da yadda ta saba. Abin da ya fi ci mini rai Yaya ce. Ita ta yi jinyar ƙyanda, ita ta yi rakiyar lakol, wato makarantar boko, ita ta sayar da tunkiya ranar da aka ce a kawo littattafai. Ni da na tsaya nesa ina duban wani gefe, na zo da hannu ɗaya na share ta.

Rana ta huɗu na shiga na tarar an share tsakar gida tas, ban da wuri ɗaya da aka kife kwando a kai, irin wanda ake rufe 'yan tsaki. Yaya tana zaune kusa da shi tana tsinke zogale. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na tambayi abin da ke ƙarƙashin kwandon. Ta ce in ɗaga in gani, ai ni mai son duba rajista ne. Na ɗaga. Gidan Malam Ari ne, yana nan yadda muka bar shi, dabino da kanwa kowa a wurinsa, da layina madaidaici, da na Falmata mai lanƙwasa.

“Daga kaji nake kare shi,” in ji ta. “Naka layin ko iska ta share, yana cikin takarda. Nawa nan kaɗai yake. Zauna, shayinka na hucewa.”

Na zauna. Ta ce kuma daga yau kada in sake cewa ta ce mata, ta gaji da aikin tafinta babu albashi.

Ranar tafiya mu biyu muka raka ta tasha, ni da Yaya. Na ba ta agogona, na maimaita mata dokoki huɗun, ta ce ta riƙe. Babu abin da ya faru a tashar nan da ya wuce wannan, sai faɗan da Yaya ta yi da mai ɗaura kaya a kan ƙullin dabinon da ta haɗa mata. Da Falmata ta dawo ta ce tambayoyin dangantaka sun fito da yawa, ta zana gicciye da zobe a gefen takarda, ta gama har da sauran lokaci. Ni ban yaba ba, don ba a yabon aiki kafin a ga sakamako.

Sakamakon ya ɗauki watanni. Da aka ce an liƙa sunaye ta koma Damagaram ta duba da idonta. Da hantsi ne, ina ƙofar gida, na ji guɗa ta tashi daga wajen gidan Yaya, doguwa, har maƙwabta suka fito. Falmata ta fara kiran Yaya a waya, sannan ni. Ku riƙe wannan, don wasu cikinku suna juya shi. Innarta ce farko, ni na biyu, kuma tsarin daidai ne. Da salulata ta yi ƙara na bari ta yi sau uku kafin in ɗauka. Ta gaishe ni yadda ya kamata, ta tambayi gida, sannan ta ce tana da tambaya ɗaya, minti ɗaya gare ni.

“Wani mutum 'yar farinsa ta ci konkur ɗin duwan. Yayar mutumin nan ita ta raine ni. Mene ne shi a wurina?”

Na ce mata tambayar ba ta cika ba, akwai gurbi, ba a faɗi cewa mai maganar ita ce 'yar farin ba. Ta yi dariya har sai da na janye wayar daga kunnena.

“To ku cike gurbin, Kawu. Ai ku ne mai rajista.”

Na ce, “Ubanki ne. Allah ya yi miki albarka, Falmata.”

Idan an yi hawaye a gidan nan a ranar, to na uwarku ne, tana tsaye a bayan ƙyauren zaure da ludayi a hannu. Ni na tashi na sa hula, na tafi gidan Yaya na yi mata barka, don ita ta cancanta a yi wa. Na tarar da ita tana rawa a tsakar gida da gwiwar da take cewa ba ta lanƙwasuwa, mata sun cika gidan, an riga an ɗora tukunya. Ta hango ni ta ce wa matan su matsa, ga kawun yarinya ya zo. Suka fashe da dariya, ni ma na yi.

Har yau Falmata Kawu take ce mini, ko da ta zo hutu cikin kakinta, kuma ban nemi ta sauya ba. Uwarku har yau ba ta kiran sunanta, kada ɗayanku ya takura mata, ita ba ta ja layi a rairayi ba, ba abin da za ta gyara. Abin da ya shafe ni shi ne ƙirge. Mako guda bayan sakamakon wani baƙo ya zauna kusa da ni a wurin ɗaurin aure, ya tambaye ni yara nawa Allah ya ba ni. Mutanen da suka san ni suka zuba mini ido. Na ce bakwai, mata uku, maza huɗu, babbarsu tana duwan.

Duk wanda ya tambaye ku, haka za ku faɗa. Ku bakwai ne, kuma daga dama ake fara ƙirga ku.